SHARHI: Lauya a kan takardar tara: Wa ke biya, wa ke tsira idan an kama direba da gudun ganganci?

A watan Janairun 2018, na'urar auna gudu a unguwar Paddington da ke birnin Landan ta kama wata mota ƙirar Bentley tana gudun mil 59 a sa'a, wato kimanin kilomita 95, a wurin da doka ta ƙayyade mil 40. Wanda ke riƙe da sitiyarin shi ne David Beckham, tsohon kyaftin ɗin tawagar ƙwallon ƙafa ta Ingila. Da magana ta je kotu a watan Satumba, bai musa cewa shi ne ke tuƙin ba, bai kuma musa gudun ba. Duk da haka ko fam ɗaya bai biya tara ba, kuma ba a rubuta masa maki ko ɗaya a lasisinsa ba.

Wanda ya fitar da shi shi ne lauyansa, Nick Freeman, mutumin da ya yi suna a Birtaniya wajen gano ɓarakar doka domin kuɓutar da fitattun mutane daga laifuffukan tuƙi. Dokar ƙasar ta ce dole takardar sanar da niyyar gurfanarwa ta isa ga wanda aka yi rajistar motar da sunansa cikin kwana 14. Motar ta aro ce daga kamfanin Bentley, kuma kotu ta gamsu cewa takardar ta isa kamfanin ne a rana ta 15. Kwana ɗaya tak ya rushe shari'ar.

Masu fafutukar kiyaye haɗurra sun yi tir da hukuncin. Lauyoyi kuwa sun ce ba a yi komai ba face bin doka, domin wa'adin kwana 14 an sa shi ne don kare kowane direba daga tuhumar da za ta zo bayan ya manta abin da ya faru. Kowane ɓangare yana da hujja. Kariyar ta kowa ce a rubuce, amma wanda ya iya ɗaukar lauya ne ya san tana nan, shi ne kuma ya amfana da ita.

Wannan batu ya fara kusantar Najeriya. Jihar Legas ta girke kyamarori masu auna gudu, kotuna sun fara yanke hukunci kan wace hukuma ce ke da ikon cin tarar direba, kuma jihohi da dama suna kallon titi a matsayin hanyar samun kuɗin shiga. Saboda haka yana da kyau a duba yadda abin ya kasance a ƙasashen da suka riga Najeriya nisa a wannan hanya.

Abin da direba ke saye idan ya ɗauki lauya

A Amurka, kare masu laifin tuƙi sana'a ce mai zaman kanta. Akwai ofisoshin lauyoyi da ba su da wani aiki sai takardun tara, suna talla a rediyo da allunan gefen hanya da intanet, suna karɓar kuɗi ƙayyadajje, sau da yawa 'yan ɗaruruwan daloli, a kan kowace takarda. A wurare da dama direban ba ya ma taka ƙafarsa kotu, lauyan ne ke tsaya masa.

Mai kallo daga nesa zai yi mamakin mutumin da zai biya lauya fiye da kuɗin tarar da aka ci shi. Dalilin shi ne tarar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da ke biyo bayan kamun. A Amurka, biyan tara daidai yake da amsa laifi. Da zarar mutum ya biya, laifin ya shiga tarihin tuƙinsa. Yawancin jihohi suna rubuta maki a kan lasisi gwargwadon girman laifin, kuma idan makin ya taru zuwa wani adadi sai a dakatar da lasisin. Kamfanonin inshora suna duba wannan tarihi, su ƙara wa direba kuɗin da yake biya na tsawon shekara uku ko fiye. Tunda kusan kowace jiha ta wajabta inshorar mota, babu hanyar kauce wa ƙarin.

Ita kanta tarar ba ta tsayawa a adadin da ke cikin doka. A jihar Kalifoniya, asalin tarar wuce ƙa'ida da mil 1 zuwa 15 dala 35 ce, amma bayan an ɗora mata kuɗaɗen kotu da na asusu daban-daban na jiha da ƙaramar hukuma, abin da direba ke biya yakan haura dala 200. A jihar New York, wanda makinsa ya kai shida yana biyan wani kuɗi na daban ga hukumar lasisi, aƙalla dala 100 a kowace shekara har shekara uku, ban da tarar kotu.

A wasu jihohin lamarin ya wuce na kuɗi. A Virginia, wuce ƙa'ida da mil 20, ko yin gudun da ya haura mil 85 a sa'a ko a wane titi ne, tuƙin ganganci ne a idon doka. Laifi ne da zai iya jawo ɗaurin da ya kai wata 12 da tarar da ta kai dala 2,500, kuma yana zama tabo a tarihin mutum lokacin neman aiki. Direbobin manyan motoci suna da nasu ƙarin nauyin: ƙa'idar tarayya ta ɗauki wuce ƙa'ida da mil 15 a matsayin babban laifi, kuma wanda ya yi irinsa sau biyu cikin shekara uku za a hana shi tuƙin haya na kwana 60. Ga mutumin da da mota yake ciyar da iyalinsa, kwana 60 a gida babbar asara ce.

Yadda ake cin nasara

Lauyan tara yana da hanya biyu. Ta farko ita ce ƙalubalantar hujja. Zai nemi a kawo takardar da ke nuna ranar ƙarshe da aka gwada ingancin na'urar auna gudun, ya tambayi ko jami'in ya samu horon amfani da ita, ya duba ko allon da ke nuna iyakar gudu yana nan kuma ana iya ganinsa, ya kuma bincika ko an cika takardar daidai kuma an isar da ita a kan lokaci. Idan ɗan sandan da ya rubuta takardar bai zo kotu ranar zama ba, alƙalai da yawa sukan kori ƙarar, domin babu mai ba da shaida.

Hanya ta biyu, wadda ta fi yawa, ita ce ciniki. Lauyan zai zauna da mai gabatar da ƙara, su yi yarjejeniya cewa direban zai amsa wani laifi mafi sauƙi wanda ba shi da maki, kamar ajiye mota a inda bai dace ba ko tuƙa mota mai matsalar fitila. Direban yakan biya tara daidai da ta farko, wani lokaci ma fiye, amma tarihinsa ya tsira, kamfanin inshora bai ga komai ba. Garin da kotun take ya samu kuɗinsa ba tare da ɓata lokacin shari'a ba, lauya ya samu ladansa.

Kowa ya amfana a wannan ciniki in ban da gaskiya. Takardun kotu za su nuna cewa mutum ya ajiye mota ba daidai ba, alhali an kama shi ne yana falfala gudu a babbar hanya. An ƙirƙiro tsarin maki ne domin a gane direban da ke maimaita ganganci a raba shi da titi kafin ya kashe wani. Idan ana iya sayen gogewar maki, wanda tsarin zai kama shi ne wanda bai da kuɗin lauya, ko da akwai wanda ya fi shi ganganci. Wannan ne ya sa ƙa'idar tarayyar Amurka ta haramta wa jihohi ɓoye laifin mai lasisin tuƙa manyan motoci, kuma hukumar da ke sauraren ƙararrakin tuƙi a cikin birnin New York ba ta yarda da ciniki ko kaɗan, ko da yake kotunan ƙananan garuruwan jihar suna yi kullum.

Wanda bai da lauya

Kundin tsarin mulkin Amurka ya bai wa wanda ake tuhuma 'yancin samun lauya, kuma a 1963, a shari'ar Gideon, Kotun Ƙoli ta ce dole gwamnati ta ɗaukar wa talaka lauya a manyan laifuffuka. Daga baya, a 1972 da 1979, kotun ta fayyace cewa a ƙananan laifuffuka wannan haƙƙi yana aiki ne idan hukuncin ya kai ga ɗauri. Takardar tarar gudu ta yau da kullum ba ta cikin wannan rukuni. Mai kuɗi ya ɗauki lauya, marar kuɗi ya tsaya da kansa ko ya biya.

Abin da hakan ke haifarwa ya fito fili a garin Ferguson na jihar Missouri. Bayan da ɗan sanda ya harbe matashi baƙar fata Michael Brown a watan Agustan 2014, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta binciki 'yan sandan garin da kotunsa, ta fitar da rahoto a watan Maris na 2015. Rahoton ya gano cewa mahukuntan garin sun mayar da tara hanyar cike kasafin kuɗi, har suna matsa wa 'yan sanda lamba su ƙara yawan takardun da suke rubutawa. A 2010 garin ya samu kimanin dala miliyan 1.4 daga tara da kuɗaɗen kotu, a kasafin 2015 kuwa ya sa ran samun sama da miliyan 3. Baƙaƙen fata su ne kashi 67 cikin 100 na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na waɗanda aka tsayar a mota, kuma kashi 90 na waɗanda aka rubuta wa takarda.

Rahoton ya kawo labarin wata mata da aka ci tarar dala 151 a 2007 saboda ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba. Talauci da rashin matsuguni suka sa ta kasa biya a kan lokaci, ta kuma rasa wasu ranakun zaman kotu. An kama ta sau biyu, ta kwana shida a tsare, ta biya dala 550, amma bayan shekara bakwai ana bin ta dala 541. A daidai wannan lokaci, in ji rahoton, wasu jami'an garin da na kotun suna soke wa 'yan'uwansu da abokansu takardun tara cikin sauƙi.

Tun 1983 Kotun Ƙoli ta hana a ɗaure mutum don kawai ya kasa biyan tara ba tare da an binciki ƙarfinsa ba. Amma hukunci irin wannan yana buƙatar wanda zai tunatar da alƙali, kuma wanda bai da lauya yawanci bai san da shi ba. Sarƙar takan tafi ne a jere: rashin biya ya jawo dakatar da lasisi, mutum ya ci gaba da tuƙi saboda babu motar haya da za ta kai shi wurin aiki, a sake kama shi da laifin da ya fi na farko girma. Bayan rahoton Ferguson, majalisar Missouri ta rage kason kasafin da gari zai iya samu daga tarar tuƙi zuwa kashi 20, kuma jihohi da dama sun daina dakatar da lasisi saboda bashin tara kawai.

An yi ƙoƙarin cike giɓin da fasaha. A farkon 2023 kamfanin DoNotPay ya sanar cewa zai sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa raɗa wa wani direba abin da zai faɗa a kotu ta na'urar kunne. Shugaban kamfanin, Joshua Browder, ya janye shirin, yana cewa hukumomin lauyoyi sun yi masa barazanar gurfanarwa. Daga baya hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta zargi kamfanin da zuzuta abin da manhajar za ta iya, aka sasanta a kan dala 193,000.

Tsoron maki a Birtaniya

A Birtaniya tsarin ya fi sauƙin fahimta. Mafi ƙarancin hukuncin gudu shi ne tarar fam 100 da maki uku. Wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku za a hana shi tuƙi aƙalla wata shida, sai dai idan ya gamsar da kotu cewa hanin zai jefa shi ko waɗanda suka dogara da shi cikin ƙunci na musamman. A nan ne lauyoyi ke samun aiki, domin tsara wannan hujja da kawo shaidunta yana buƙatar wanda ya san abin da alƙalai ke karɓa.

Tsoron maki ya kai wasu manya ga yin ƙarya, ƙaryar kuma ta fi gudun tsada. Chris Huhne, ministan makamashi, ya sauka daga muƙaminsa a 2012, kuma a 2013 aka yanke masa ɗaurin wata takwas, shi da tsohuwar matarsa, saboda ta karɓi makin gudun da ya yi a 2003 a kan lasisinta. A Janairun 2019 aka ɗaure Fiona Onasanya, 'yar majalisar dokoki mai tsatson Najeriya kuma lauya, wata uku saboda yi wa 'yan sanda ƙarya kan wanda ke tuƙa motarta lokacin da kyamara ta kama ta. Ta rasa kujerarta bayan da masu zaɓenta suka sa hannu a takardar yi mata kiranye. Darasin da ke nan shi ne doka ta yarda mutum ya ƙalubalanci hujjar hukuma iya ƙarfinsa, amma ba ta yafe wa wanda ya ƙirƙiri tasa. Shi ma Beckham sa'arsa ba ta ɗore ba: a watan Mayun 2019 kotu ta hana shi tuƙi wata shida saboda amfani da waya yana tuƙi.

Tara gwargwadon aljihu

Ƙasar Finland ta bi wata hanya tun 1921. A manyan laifuffukan gudu, ana lissafa tara ne bisa abin da mutum ke samu a rana, a ninka da adadin kwanakin da suka dace da girman laifin. A 2002 an ci wani babban jami'in kamfanin Nokia, Anssi Vanjoki, tarar yuro 116,000 saboda gudun kilomita 75 a kan babur a inda aka ƙayyade 50. A 2023 aka ci attajiri Anders Wiklöf yuro 121,000 saboda gudun kilomita 82 a irin wannan wuri.

Hikimar tsarin ita ce zafin hukunci ya zama ɗaya ga kowa, domin tarar da za ta hana leburan gini barci ba ta kai kuɗin abincin rana na mai kamfani ba. Birtaniya ma tana bin wani abu makamancin haka a shari'o'in da suka je kotu, inda tun 2017 tarar gudu mafi muni ke farawa daga kashi 150 cikin 100 na abin da mutum ke samu a mako, sai dai an sa mata iyaka a fam 1,000, ko 2,500 a manyan hanyoyi. Iyakar tana amfanar mai arziki ne kawai. Ko a Finland ɗin, Vanjoki ya ɗaukaka ƙara, ya nuna cewa samunsa ya ragu, aka zabge tarar ƙwarai. Tsarin kuma ya dogara ne da cewa hukumar haraji ta san abin da kowa ke samu, abin da ba a iya cewa game da ƙasar da yawancin mutanenta ke sana'ar da ba ta cikin rajistar gwamnati.

Abin da ake mantawa a wajen ciniki

Muhawarar adalci ga direba tana iya rufe ido daga wanda aka yi dokar dominsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya a kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka, duk da ƙarancin motocinta, ita ce ke da mafi yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a. Hukumar ta ce ƙarin kashi ɗaya cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi huɗu. A Amurka, gudu yana cikin musabbabin kusan kashi 29 na mace-macen hanya, wato sama da mutum 12,000 a 2022.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙirga mutum sama da 5,000 da suka mutu a hanya a 2023, da wasu sama da 5,000 a 2024, kuma a rahotanninta gudun wuce ƙa'ida ne ke zuwa farko a jerin musabbabai. Kano ba ta manta ranar 31 ga Mayun 2025 ba, lokacin da motar da ke ɗauke da tawagar 'yan wasan jihar daga gasar wasanni ta ƙasa a Abeokuta ta faɗa daga gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum 20 suka rasu ana dab da isa gida. Hukumar ta ambaci gajiya da gudu a matsayin abin da take zargi. Mai tafiya a ƙasa da fasinjan da ke bayan bas ba su da kujera a teburin da lauya da mai gabatar da ƙara ke ciniki.

Inda Najeriya ta tsaya

An kafa hukumar FRSC a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce. Ƙa'idar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, ta kuma rage wa tankoki da tireloli. A jadawalin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, tarar wuce ƙa'idar gudu naira 3,000 ce da maki uku. Tun watan Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

A kan naira 3,000 babu mai neman lauya. Kuɗin shigar da ƙara da na zirga-zirga sun ninka tarar sau da yawa. Inshorar da yawancin direbobi ke yanka ba ta ƙaruwa saboda tarihin tuƙi, makin kuma ba kasafai ake jin ya raba wani da lasisinsa ba. Cinikin da Ba'amurke ke biyan lauya ya yi masa a ofishin mai gabatar da ƙara, a nan an fi yin sa a bakin titi, da roƙo, ko kiran wani babba a waya, ko miƙa na goro. Banbancin shi ne a can kuɗin yana shiga asusun gari da rasidi, a nan kuwa ba ya barin sawu.

Akwai kotunan tafi-da-gidanka da ake kafawa a gefen hanya, musamman lokacin bukukuwan Sallah da Kirsimeti. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma yana da 'yancin kare kansa da kansa ko ta lauyan da ya zaɓa, tare da isasshen lokacin shiri. Amma direban da fasinjojinsa ke jira a rana, kuma mai mota ke jiran balas da yamma, ya san cewa musa laifi na nufin ɗage zama da barin mota a tsare. Amsa laifi a wurinsa lissafi ne, ko ya yi ko bai yi ba.

Inda lauyoyi suka yi tasiri a Najeriya shi ne kan tambayar wa ke da iko. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta tabbatar da hukuncin da ya ce ikon FRSC ya tsaya ne a titunan tarayya. A watan Oktoban 2024, Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na babban birnin ba su da hurumin tsayar da motoci, ƙwace su ko cin tara, a ƙarar da lauya Abubakar Marshal ya shigar. Abin lura shi ne a shari'o'in biyu masu ƙarar lauyoyi ne, waɗanda ba sa buƙatar biyan kowa kafin su shiga kotu. Direban tasi da ɗan adaidaita sahu sun sha irin wannan kamu shekara da shekaru ba tare da ƙorafinsu ya isa gaban alƙali ba. Makamin da suka sani shi ne ajiye aiki, kamar yadda 'yan adaidaita sahu suka yi a Kano a farkon 2022 kan kuɗaɗen da hukumar KAROTA ta nemi su biya.

Kyamara za ta sauya lissafin. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Legas ta sanar da girke na'urorin auna gudu a Alapere, inda aka ƙayyade kilomita 80, da titin Mobolaji Bank Anthony, inda aka ƙayyade 60, da tarar naira 50,000 da za a sanar da mai mota ta saƙon waya. Na'ura ba ta karɓar na goro, ba ta kuma san ɗan wane ba, wannan ci gaba ne. Sai dai naira 50,000 ta haura kashi biyu cikin uku na mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000. A wannan mataki tarar ta kai abin da mutum zai tsaya ya yi jayayya a kansa, kuma duk tambayoyin da lauyoyin Amurka da Birtaniya ke yi za su taso. Wa ya gwada ingancin na'urar, kuma yaushe? Idan an sayar da mota ba a sauya suna ba, ko an kwaikwayi lambarta, wa zai biya? Kwana nawa hukuma ke da shi kafin ta sanar da mai mota?

Jihohin Arewa da ke shirin bin sawun Legas suna da damar amsa waɗannan tambayoyi a cikin doka tun kafin a kafa sandar kyamara ta farko. Majalisun jihohi za su iya wajabta hanyar ƙorafi mai sauƙi wadda direba zai bi da kansa, cikin harshen da yake ji, a gaban wanda ba ma'aikacin hukumar da ta ci tarar ba ne. Za su iya wajabta buga takardun gwajin na'urori da adadin kuɗin da ake tarawa da inda yake zuwa, su bayar da damar biya kashi-kashi, su kuma hana a ɗora wa hukumomin hanya adadin kuɗin da dole su kawo, wanda shi ne tushen ɓarnar Ferguson. Idan kamfani mai zaman kansa ne zai girke kyamarorin, ya kamata jama'a su san ko ana biyansa ne gwargwadon yawan takardun da aka rubuta.

Ma'aunin da zai nuna ko tsarin yana aiki shi ne adadin waɗanda ke mutuwa a titin da aka sa kyamarar, kafin sa ta da bayan sa ta. Har yanzu adadin da hukumomin hanya a jihohi suka fi saurin sanarwa a ƙarshen shekara shi ne na kuɗin da suka tara.